Wa ke koya wa lakcara yadda ake koyarwa?

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a sammin ɗan fili in yi tsokaci kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da jami'o'inmu, don kullum in ana maganar ilimi mai zurfi a ƙasar nan to albashi ne da yajin aiki da gine-gine, kuma duk gaskiya ne ba musu, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi wata takwas cur tana yajin aiki a 2022 kowa ya ji a jikinsa, amma akwai gefen da ba a cika taɓawa ba, wato shi kansa abin da ke faruwa a cikin aji bayan an buɗe makarantar.

Malamin firamare sai ya yi NCE kafin a ce ya cancanta. Wanda yake da digiri ba na koyarwa ba yana son sakandare sai a ce je ka yi difilomar koyarwa ta PGDE, ga kuma hukumar TRCN mai rijistar malamai. Amma a jami'a yaro ya fita da sakamako mai kyau, a riƙe shi, ya yi digiri na biyu, ranar Litinin a miƙa masa kwas da ɗalibai cike da ɗakin lakca a ce bismillah. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tsara darasi ko yadda ake saita tambayar jarabawa da za ta auna fahimta ba hadda ba. To me zai yi? Yadda aka yi masa haka zai yi. Ya ɗauko tsohon littafin rubutunsa da takardun suka yi ja, ya tsaya yana shifta, na gaba na rubutu, na baya ko jin sa basa yi tunda sifikar ta lalace ko babu wuta, wasu na zaune a taga wasu a dandaɓe, in ya gama ya ce akwai tambaya, shiru, ya ce madalla ya fita. Ana gobe jarabawa a kwana ana haddace handawut, a zuba a takarda, bayan sati biyu ka tambayi ɗalibin ko kan maganar baya tunawa. Ni lakcara ne, ba daga waje nake jifa ba.

Kuma wallahi ban cika ganin laifin malaman ba, tsarin ne ya ce musu ga abin da ke da daraja. In lokacin ƙarin girma ya zo ana ƙirga maƙalu nawa ka buga a mujallun ilimi, taro nawa ka je, kana da digirin dakta ko babu. Koyarwa ɗan makin da ake ba ta yawanci na shekarun da ka yi ne da yawan kwasa-kwasan da ka ɗauka, ba wai ɗalibanka sun gane ko basu gane ba. Mutum mai iyali da albashin da baya kai shi ƙarshen wata, ina zai zuba ƙarfinsa? Inda furomoshin yake mana.

Abin haushin shi ne wannan fage ne da aka yi bincike a kansa sosai, ba shaci-faɗi ba. A 2014 wasu masana ƙarƙashin Scott Freeman na Jami'ar Washington a Amurka sun tattara bincike 225 da aka yi kan azuzuwan kimiyya da injiniya da lissafi, suka kwatanta ajin da malami ke zuba lakca kawai da ajin da ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a cikin darasin. A na lakca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa, a ɗayan kuwa kusan kashi 22. Ka duba wannan tazara ka tuna yawan yaranmu masu kari-oba da waɗanda ake kora. Tun farkon shekarun 1990 wani farfesan kimiyyar fiziks a Harvard, Eric Mazur, ya gano ɗalibansa na iya warware lissafi mai wuya amma in an yi musu tambaya mai sauƙi ta fahimta sai su ɓata, shi ne ya canza salo, ya ɗan yi bayani sai ya jefa tambaya kowa ya zaɓi amsa, sannan ya ce juya ka gamsar da na kusa da kai, bayan 'yan mintuna a sake zaɓe, sai ka ga masu amsa daidai sun ƙaru. Wannan baya buƙatar furojekta ko intanet, ɗaga hannu ma ya isa. Mu da muka yi makarantar allo ma ai mun san abin, gardi ke biya wa ƙolo, kuma shi mai biyawar karatunsa ne ke ƙara zama.

Akwai ma wani bincike na 2019 a can Harvard ɗin da ya ba ni dariya, ɗaliban da aka sa su aiki a aji sun ce su a ganinsu basu ƙaru sosai ba, sun fi son malami mai zaƙin baki ya yi ta zuba, amma da aka gwada su sai ga shi sun fi waɗanda aka zuba wa lakca zalla ci. Don haka masu cewa a raba wa ɗalibai fom su auna malami shikenan an gama, su ma su yi hattara.

Sai dai fa duk waɗannan a ƙasashen waje aka yi, kuma nan ne nake son 'yan'uwana malamai su saurara. Ajinmu daban ne. Yaro ya taso daga makarantar gwamnati a ƙauye, Turancin ma yana kokawa da shi balle kwas ɗin, ya shigo aji da yunwa, wata ɗaliba kuma matar aure ce da goyo, wani da safe yana shago. Shin in malami ya tsaya ya maimaita wuri mai wuya da Hausa na minti biyu yana taimakawa ko yana cutarwa? Tattaunawar nan tana yiwuwa a ɗakin da ba wurin juyawa? Guruf ɗin WhatsApp da kowane aji ke da shi yanzu, karatu ake a ciki ko yaɗa tsofaffin tambayoyi? Waɗannan tambayoyi namu ne, ba Ba'amurken da zai zo ya amsa mana. Muna da tsangayoyin ilimi cike da farfesoshi amma idonsu na kan firamare da sakandare, ajin da ke jikin ofishinsu ba a leƙa shi, wai kar a ce kana sa wa abokin aiki ido.

Kuɗi kuma ba za a ce sam babu ba. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da dokar 2011 ta kafa, da harajin da ake cira daga ribar kamfanoni take aiki, tana da kason horar da malamai da na zuwa taruka da na bincike, kuma ta yi ƙoƙari, malamai da yawa da ita suka yi digiri na biyu da na uku. Amma duk horon na zurfafa mutum ne a fanninsa. Yanzu da ta dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje saboda tsadar dala da kuma masu tafiya su ƙi dawowa, me zai hana a yanki wani abu a ce kowace jami'a ta kafa cibiyar koyar da malamanta koyarwa? A Ingila bayan rahoton kwamitin Dearing kan ilimi mai zurfi na 1997 haka suka bi, har ta kai a jami'o'insu da yawa sabon lakcara sai ya yi kwas na koyarwa kafin a tabbatar masa da aiki. Ita ma hukumar kula da jami'o'i NUC ta kawo sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, aka yi ta cacar baki kan kashi 70 cikin 100 na manhajar da ita ta tsara da kashi 30 da ta bar wa jami'o'i, amma manhaja takarda ce, in mai ɗauke da ita zuwa aji bai canza ba shiftar nan dai za a ci gaba da yi.

Kuma dan Allah in za a yi kar a maida shi bitar kwana biyu a otal, a ci shinkafa a raba jaka da satifiket kowa ya kama gabansa, mun ga irinta. A yi shi cikin zangon karatu, sabon malami ya koyar, wani ya zauna a baya ya kalla, su zauna su tattauna, shi ma ya je ya kalli na wani. Sannan kwamitocin ƙarin girma su yarda cewa in malamin kemistiri ya yi bincike mai kyau kan yadda ɗalibansa na aji ɗaya ke koyo ya buga, a ƙirga masa shi kamar sauran maƙalunsa, kar a ce ai wannan aikin 'yan sashen ilimi ne. Ina kuma roƙon jaridar nan ta tura wakilinta ya zauna a lakcar 'yan aji ɗaya a kowace jami'ar gwamnati da ya ga dama, a layin baya, ya rubuto mana abin da ya iya ji.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara basira.

Daga wani lakcara a Jihar Kano.