Wasiƙa zuwa Valladolid

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka ce kana shirin zuwa gida, kana jira ko Ryanair, kamfanin jiragen sama mai arahar tikiti, zai dawo filin jirgin garinku, Valladolid. Don Allah kada ka ɗora tafiyarka a kan wannan.

A Janairun 2025 kamfanin ya sanar da barin Valladolid da Jerez, ya rage kujeru 800,000 a ƙananan filayen Sifaniya. Da Satumba ya sake yanke kusan miliyan ɗaya, ya ce zai rufe sansaninsa na Santiago de Compostela, ya kuma bar Vigo. Hujjarsa kuɗin da Aena, mai kula da filayen, ke karɓa, wanda aka shirya ƙarawa da kashi 6.5 cikin ɗari a 2026. Aena ta ce matsin lamba ce kawai. Ni dai lissafi nake gani. Boeing 737-800 ɗinsu kujera 189 gare shi, tikiti araha, ribar a cikowa take. Ƙaramin gari ba ya cika shi da hunturu, jirgi kuwa ba gini ba ne, gobe sai ka ji shi a Italiya ko Maroko.

Ga inda fasinja ke shan wuya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261/2004 ta ce in aka soke tafiya, ko a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 7, ko a sama maka wani jirgin. Akwai diyyar yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, amma in an sanar da kai kwana 14 kafin ranar, babu ko sisi. Rufe hanya kuwa tun da watanni ake sanarwa. Kuɗin otal da tikitin gaba da ka saya daban, asararka ce. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake yarda da arahar.

Saboda haka ka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Chamartín a Madrid, wajen awa ɗaya ne, daga nan Cercanías, jirgin ƙasa na cikin gari da kewaye, ya kai ka T4, wato tasha ta 4 ta filin jirgin Barajas. Duba tikitinka da kyau, in T1 ne akwai bas kyauta tsakaninsu. Ka sayi tikiti guda mai lamba ɗaya har Kano ko Abuja, ta Alkahira ko Istanbul, don in jirgin farko ya makara, nauyin kai ka gida yana wuyan kamfani.

Ka gaida madam da yara. In ka sa rana ka sanar da ni.

Naka har kullum.