Masu muhawarar addini a waya, ku karanta littafin juna tukuna

Malam Edita, barka da aiki, ina gaida kai da abokan aikinka baki ɗaya. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan muhawarar addini da samarinmu suka mayar sana'a a TikTok da Facebook.

Ni Kirista ne, Bahaushe, a Wusasa ta Zariya aka haife ni, kuma har gobe rabin danginmu na wajen uwa sallah suke yi, in an yanka rago da layya sai an aiko mana, mu ma in Kirsimeti ta zo sai mun kai musu shinkafa. To ka ga muhawara ba baƙuwata ba ce. Muna yara akwai wani mai shagon bidiyo a unguwarmu da yake saka mana kaset ɗin muhawarar mai wa'azin Musulunci Ahmed Deedat da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart, wadda suka yi a Amurka a 1986 kan ko Baibul maganar Allah ce, sai mu cika shagon maƙil, wannan ya yi tafi wancan ya ja tsaki, in an gama kuma mu wuce filin ƙwallo tare ana ta musu a hanya. Ni ban yarda da Deedat ba a lokacin, har yau ma ban yarda da shi ba, amma gaskiya ɗaya ce mutumin ya zauna ya karanta littafinmu, sura da aya yake jawowa da ka. Shi ya sa na koma gida na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa na babana, wanda asalin fassararsa su Dokta Miller ɗan mishan suka yi ta fito a 1932, na riƙa bin ayoyin ɗaya bayan ɗaya in ga ko haka abin yake. A nan na fara sanin addinina da gaske, ba wai na gado kawai ba.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa a daina muhawara. Mu an umarce mu a 1 Bitrus 3:15 mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begenmu, amma ayar ba ta tsaya nan ba, cewa ta yi da tawali'u da ladabi. 'Yan uwanmu Musulmi kuma suna da aya ta 46 a Suratul Ankabut da ta hana jayayya da ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau. Kuma an yi irin haka a tarihi, wajen shekara ta 781 a Bagadaza Halifa Al-Mahdi ya zauna da shugaban Kiristocin gabas Timoti na ɗaya, kwana biyu suna tattaunawa kan Yesu Almasihu da gicciye da annabci, kowa ya faɗi abin da ya gaskata babu ɓoye-ɓoye, aka tashi lafiya ba a taɓa kowa ba.

Yanzu fa? Yaro bai taɓa karanta ko Linjilar Markus ba, wadda sura 16 ce kacal, amma ya kunna waya yana ƙaryata Baibul. Namu ma haka, kuma wallahi na namu ya fi yi mini ciwo, yaro bai san ko Fatiha ba, bai san me ake nufi da tafsiri ba, ya yanko rabin hadisi daga wani bidiyon Turawa ya zo yana izgili da abin da maƙwabcinsa zai iya ba da ransa a kai, wai shi yana kare bishara. Mabiya suke nema kawai da 'yan kyaututtukan da ake jefa musu in suna magana kai tsaye, in babu zagi babu masu kallo.

Ina tsoron abin ne don na ga 1987 da idona. A Kwalejin Ilimi ta Kafanchan aka fara, a watan Maris, kan wa'azin da wani ya yi a taron ɗalibai Kirista, kafin ka ce kwabo wutar ta iso Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona coci-coci, mu da ba mu san hawa ba mu san sauka ba muka kwana a tsorace. Lokacin babu waya a hannun kowa. Yau minti nawa bidiyo zai yi ya kai Sakkwato ko Yola?

Kuma duk wannan hayaniya ba ta taɓa abin da ke cinye yaranmu ba. Cacar ƙwallo a waya, tiramadol, zaman banza bayan digiri, ba ruwansu da wanda ke zuwa coci ko masallaci. Akwai wani abokin ɗana da suke jami'a tare, gidan malamai ya fito, ya ce mini Baba ni fa na gaji, in addini faɗa ne kawai gara in kama kaina. Ɗana yana gefe bai ce uffan ba, kuma shirun nan nasa ya hana ni barci ranar.

Ga Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye nan a Kaduna, da sun yi gaba ta gaske, Fasto Wuye har hannu ya rasa a rikicin 1992, daga baya suka haɗu suna aikin sulhu shekara da shekaru, babu wanda ya bar addininsa ko ya sassauta aƙidarsa don ɗan uwansa. Irin su nake so yaranmu su riƙa ji.

Roƙona Malam Edita, ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ku ɗauko malami mai ilimi da fasto mai ilimi, ku ba su tambaya ɗaya daga masu karatu kowa ya amsa daga littafinsa da Hausa, da sunansa a ƙasa. In za a fara, maganar yaron nan abokin ɗana, wato ko addini faɗa ne kawai, nake so a fara ba su.

Naku,
Mai karatu daga Wusasa, Zariya