Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi: A Shata Wa Awon Igiya Iyaka Kafin Ya Cinye Fadama Da Burtali

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da uban ƙasa, mu ne talakawanka na wannan gari da ke bakin titin Kano zuwa Zariya: manoman damina da na rani, Fulanin rugagen gabas, masu injin casa, mata masu turara shinkafa, limamai da malaman makaranta, da samarin da ke jiran filin da za su yi ɗaki su ajiye iyali. Sau uku muna zama a ƙofar gidan Dagaci kafin bakinmu ya zo ɗaya a kan abin da ke cikin wannan takarda.

Kukanmu a kan awon igiya ne. Mutum ya sayi gona, ko ya karɓe ta daga hannun magada, washegari ya zo da yara biyu da igiya da turaku, kafin la'asar ya yanka ta ƙafa hamsin-hamsin, ya bar ɗan siririn lungu a tsakani. Ba a tambayi inda ruwan sama zai bi ba, ba a tambayi ta ina shanu za su wuce ba. Makaranta da masallaci da maƙabarta kuwa ba sa cikin lissafi, tunda ba su da mai biya. Da bazara sai ka ga buloluka sun tashi a wurin da bara aka yanke dawa.

Ba mu zo mu ce kada gari ya girma ba. 'Ya'yanmu sun yi yawa, gidajen gado sun cika, baƙi ma suna zuwa da alheri. Kuma gaskiya ɗaya ce, masu sayar da gonakin nan mu ne, ba wasu ba. Idan aka raba gonar gandu tsakanin magada goma sha, abin da zai zo hannun kowa bai isa ya ci da gida ba. Ga tsadar taki, ga auren 'ya, ga saurayi yana son adaidaita sahu ya nemi na kansa. Dillali ya zo da kuɗi a buhu, wa zai ga laifin wanda ya karɓa? Cinikin ba shi ne damuwarmu ba. Damuwarmu ita ce babu wanda ya taɓa zama ya ce nan wurin gida ne, nan kuma ba a taɓawa.

Allah ya ja zamaninka, ka fi mu sanin irin ƙasar da muke kai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, wannan yanki ya zama wurin da manomi ba ya zaman banza da rani. Da damina shinkafa, da sanyi alkama da tumatir da albasa da masara. Duk wanda ya je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga yadda manyan motoci ke lodi zuwa Kudu, ya san abin da muke faɗa. Gonar da ke shan ruwan kanal ana nomanta sau biyu a shekara, wani ma sau uku. An kashe dukiyar al'umma kafin ruwan ya iso bakinta. Idan aka zuba mata kankare, ta tafi ke nan har abada, domin ba a taɓa rushe unguwa a mayar da ita fadama ba. Ga shi kuwa arewacin gari muna da fako da tudu mai tsakuwa, inda ko gero sai da lallashi yake yi. Can ne ya dace da gini, tushe ma ya fi zama. Amma dillali ya fi son gefen titi da bakin fadama, saboda nan mai saye yake fara gani daga cikin mota.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dattawan cikinmu sun san Hotoro da Na'ibawa da Sheka da Dorayi suna gonaki da ƙauyuka. Yau birni ya haɗiye su, kuma a unguwannin da aka yi da awon igiya a gefen Kano kowa ya ga abin da ya biyo baya: lungun da mota ba ta shiga, ruwan kwata a ƙofar gida, gwamnati ta zo fitar da titi daga baya sai an rushe wa mutane ɗakuna. Birnin yana tahowa ta wannan titin. Da aikin faɗaɗa hanyar Abuja zuwa Kano, da layin dogon Kano zuwa Kaduna da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da bututun gas na AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, duk sun sa idon masu kuɗi ya dawo kan ƙasar da ke kudu da Kano. Farashin da ake taya gona da shi yanzu, shekarun baya ko a mafarki ba mu ji shi ba.

Maganar burtali ita ta fi tayar mana da hankali, kuma Ardo da mutanensa sun roƙi a rubuta ta yadda take. Hanyar da shanu ke bi daga ruga zuwa mashaya ta girmi kowa a garin nan. Da can garke biyu na iya gilmawa a cikinta. Sai mai gonar dama ya ci kunya biyu, na hagu ya ci uku, yanzu kuma an kafa turakun filoti a bakinta ta wajen titi. Saniya ba ta san turke ba. Idan hanya ta toshe, gona za ta faɗa, daga nan sai ɓarna, sai sanda, sai zama a gabanka ana neman sulhu. Mun ga inda irin wannan ƙaramar magana ta kai wasu garuruwa a Arewa, ba ma fatan ko ƙurarta ta iso mu. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo domin gudun haka. Mu da Fulanin nan kasuwarmu ɗaya, masallacin Juma'armu ɗaya, su ke zuba mana taki a gona bayan girbi.

Sai kududdufai. Yaran yanzu suna ganinsu ramin shara ne kawai. Kakanninmu daga nan suka haƙi ƙasar da suka gina gari, ramin kuma ya zama matattarar ruwan sama. Biyu daga cikinsu an cike su da shara da ɓuntun shinkafa an sayar. Daminar da ta wuce ruwa ya rasa wurin zuwa, ya kwana a tsakar gidajen unguwar ƙasa, katangun ƙasa suka zube, wasu iyalai suka kwashe kwanaki a ajin firamare. Wanda ya sayar da kududdufin ba a unguwar yake kwana ba.

Maƙabarta ta kusa cika, filin da ke jikinta kuma mun ji ana tayawa. Firamare ba ta da inda za ta ƙara aji. Injinan casa sun shigo tsakiyar gidaje, ƙura da ƙara dare da rana.

Mun tambayi 'ya'yanmu da suka karanci shari'a da aikin safiyo, suka nuna mana cewa abin da muke nema yana cikin doka tun tuni. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a duk wurin da Gwamna bai ayyana shi a matsayin birni ba. Ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin da zai ba ta shawara kan rabon ƙasa. Sashe na 21 ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan mallaka sai da amincewar ƙaramar hukuma, sashe na 36 kuma ya hana yanka gonakin karkara da aka gada tun kafin dokar a mayar da su filotai. Akwai kuma dokar tsara birane da yankuna ta 1992, wadda ta tanadi hukumar tsara gari har a matakin ƙaramar hukuma. Wani abin da mai sayen filoti bai cika sani ba shi ne, ranar da gwamnati ta buƙaci wurin don aikin jama'a, diyyar da doka ta sani ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba kuɗin da ya ƙirga wa dillali ba. Ke nan awon igiya yana cutar mai sayen kansa.

Addininmu ma bai bar wannan ba. Ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani a kan hanya, a sanya faɗinta kamu bakwai, kuma mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Kalmar hurumi ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kowane gari yana da nasa, kuma sarakuna ne masu tsaronsa.

Don haka muke roƙonka, ranka ya daɗe, ka umarci Dagaci da masu unguwanni su dakata da sa hannu a kan duk takardar cinikin gonar da za a yanka filotai, na tsawon wata shida. Mun san babu cinikin da ke ƙulluwa a garin nan ba tare da shaidar mai unguwa ba, don haka wannan kaɗai ya isa ya tsayar da igiya. Cinikin gona daga manomi zuwa manomi, da aro da jingina da rabon gado, waɗannan su ci gaba kamar yadda aka saba.

A cikin wata shidan nan muna so ka kafa kwamitin da zai taka ƙasar da ƙafarsa. A sa dattawan da suka san iyakoki tun na iyaye, da Ardo, da Sarkin Noma, da liman, da wakilan matasa, da mace aƙalla biyu, domin mata na gadon gona kuma su ake fara dannewa idan an zo sayarwa. A sa dillali ɗaya ma, gara a yi da shi a gabansa. Su bi burtali daga ruga har mashaya, su bi bakin fadama da gefen kanal, su zagaya sauran kududdufai da maƙabarta da filin idi da filin makaranta, a kafa duwatsun siminti a kowace kusurwa. Daga nan ka rubuta wa Shugaban Ƙaramar Hukuma ya nemo safiyo da jami'an tsara gari na jiha, su mayar da abin da aka taka ya zama taswira mai hatimi. A liƙa kwafi ɗaya a fadarka, ɗaya a gidan Dagaci, ɗaya a ƙofar masallacin Juma'a, yadda mai saye zai duba kafin ya biya.

A taswirar a nuna tudun arewa a matsayin sabuwar unguwa, da titunan da motar kashe gobara za ta iya shiga ta juya, da hanyar ruwa. Duk wanda zai yanka filotai a can ya fitar da kason makaranta da masallaci tun kafin ya sayar da na farko. Tun ran gini ran zane. A ware wa injinan casa da gidajen bulo da masu walda gefe guda ta yamma, kusa da titi. Masu gonakin tudun da tsarin zai shafa a zauna da su a fili, a yi musu adalci, kada a ce an ceci fadama an zalunci mai fako.

Wasu daga cikinmu sun so a rushe gidajen da aka riga aka gina a bakin burtali. Bayan doguwar muhawara mun bar wannan. Mafi yawan masu gidajen talakawa ne da suka tara kuɗin shekaru, ba su san abin da suka saya ba. Wanda ya riga ya shiga a bar shi, a nemi yadda za a karkata hanyar shanu ta bayansa. Amma turakun da ba a ɗora musu bulo ba, muna roƙon a cire su yanzu, a mayar wa masu su kuɗinsu ko a musanya musu a tudu.

Ba mu zo hannu rabbana ba. Manoman rani sun yarda su ba da kwanon shinkafa bibbiyu a kowace gona domin sayen siminti da biyan masu kafa duwatsu, masu injin casa sun ɗauki nauyin man motar safiyo, samari kuma za su yi aikin gayya su yashe kududdufin unguwar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Abin da ya rage shi ne umarninka, da ranar da za ka sa mana mu zo gabanka da Ardo da masu unguwanni. Muna roƙon ranar ta kasance kafin shuka, domin da zarar an yi ruwan farko kowa zai koma gona, kuma dillalai sun riga sun fara zagaya gonakin bakin kanal.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara, ya ja zamaninka.

Mu ne masu biyayya a gare ka,
Manoma, makiyaya, 'yan kasuwa, mata da matasan gari.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke haɗe.

Kwafi zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da Kansilan mazaɓa.