Barka da Sallah daga Manchesta

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mu ma nan lafiya lau. Mun yi Idi a filin Platt Fields, jama'a maƙil, 'yan Pakistan da 'yan Somaliya da Larabawa da mu 'yan tsiraru, ruwan sama kuwa ya yi mana kara, bai sauko ba sai da liman ya sallame.

Yaya ya ce tun da na turo hoton ginin nan da nake bi ta gabansa in za ni aiki, kuke ta tambaya ko coci ne ko fadar sarki. Ba ko ɗaya, Baba. Kasuwa ce a da, yanzu kuma gidan wasan kwaikwayo. A waya ba a samun sukunin bayani, yau kuwa ina hutu, shi ya sa na ɗauko biro.

Sunansa Royal Exchange, a tsakiyar gari yake. Tun 1729 aka fara gina wa 'yan kasuwar Manchesta wurin haɗuwa, suna yawa ana rushewa ana sake wani. Sarauniya Biktoriya ta ziyarci garin a 1851, daga nan aka liƙa wa kasuwar sunan sarauta. Ginin da ke tsaye yau an gama shi a 1874, aka faɗaɗa shi tsakanin 1914 da 1921, har ya zama babu zauren ciniki mai girmansa a duk Ingila.

Abin da na san zai ba ku mamaki shi ne, kasuwar auduga ce amma ba a shigo da ko buhu guda cikinta. Ɗanyar audugar a Libaful ake cinikinta, can bakin teku inda jirage ke sauke ta. Nan zare da yadi ake sayarwa, su ma da baki. Ranakun Talata da Juma'a masu masaƙu da dillalai da fatake ke cika zauren, kowa da gindin ginshiƙin da aka san shi da shi, duk mai nemansa can zai same shi. A yi ciniki a tsaye, a rubuta a ɗan littafin aljihu, magana ta zauna. A lokacin da kasuwar ke tashe, masu rajista sun kai kimanin 11,000. A 1913 kaɗai Ingila ta fitar da yadi kusan biliyan 7 zuwa ƙasashen waje, Indiya ce babbar mai saye. Sai dai arzikin nan ba tsarkakakke ba ne: kafin yaƙin basasar Amurka na 1861, yawancin audugar bayi ne suka noma ta. Mutanen garin yanzu ba sa ɓoye wannan.

Faɗuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Yaƙin duniya na farko ya datse hanyoyin jirage, Indiya da Japan suka kafa nasu masaƙu masu araha, Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya sa mutanensa ƙaurace wa yadin Ingila. A Disambar 1940 bom ɗin Jamusawa ya faɗo wa ginin, da aka zo gyara kuma sai rabin zauren aka mayar, don ba sauran masu cika shi. A ƙarshen 1968 aka rufe ciniki.

Daga nan ne labarin ya fi ba ni sha'awa. Zauren ya yi shekara 5 ba kowa, ana ta maganar rushewa. A 1973 wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta shigo ta kafa rumfa ta wucin gadi a tsakiya, ta ga wurin ya karɓe ta. Da suka tashi gina na dindindin sai suka ci karo da matsala: daɓen ba zai ɗauki nauyin gini da ɗaruruwan mutane ba. Ba su fasa daɓen ba, ba su taɓa bango ba. Suka ƙera ɗaki mai kusurwa 7 da ƙarfe da gilashi, suka ɗora nauyinsa a kan manyan ginshiƙai 4 da ke riƙe da ƙubbar tsakiya, yana rataye kamar ƙwarya a ragaya. Dandamalin wasan da kujerun ƙasa ne kawai ke zaune a kan daɓe. Richard Negri ne ya fito da fasalin, aka buɗe a ranar 15 ga Satumba, 1976.

Yana cin mutum sama da 700 a hawa 3, 'yan kallo sun kewaye 'yan wasa ta ko'ina, ba labule, ba bayan fage da za a ɓuya. Ƙofar da ka shiga ta nan ɗan wasa zai shigo, wani lokaci rigarsa ta goge ka. Wasu mutanen gari na yi masa ba'a, wai jirgin zuwa duniyar wata ne ya sauka a falon attajiri. Ni dai ina bayansa. Da sun yi ƙoƙarin kwaikwayon tsohon gini da ginshiƙan ƙarya, da sun ɓata biyun duka. Yanzu kuwa ido na raba su nan take: wannan aikin magina na da ne, wancan na maƙeran baya ne, kuma in wata rana aka kwance ƙarfen, zauren na nan yadda yake.

Da rana kowa na iya shiga ba ko sisi. Akwai wurin shan shayi, tsofaffi na karanta jarida, haske na sauka ta gilashin ƙubbobi 3. In ka ɗaga kai can sama a jikin bango za ka ga allon farashi, da lambobin ranar ƙarshe da aka yi ciniki, ba a canza ko ɗaya ba tun 1968. Na tabbata da kuna nan, a gindin allon nan za ku tsaya kuna lissafin wanda ya ci riba da wanda ya faɗi.

Bom na biyu ya zo a ranar 15 ga Yuni, 1996. 'Yan ƙungiyar IRA, masu yaƙin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, suka ajiye mota shaƙe da abin fashewa a titin Corporation, dab da ginin. An kwashe jama'a kafin ya tashi, ba a rasa rai ba, amma sama da mutum 200 sun ji rauni. Ƙarfinsa har ya gusar da babbar ƙubbar daga mazauninta. Gyara ya ci fam miliyan 32 da fiye da shekara 2, kuma kaso mai tsoka na kuɗin daga asusun cacar ƙasa ya fito. Na san za ku yamutsa fuska, ni ma haka, amma da shi suke gyara yawancin irin waɗannan wurare a nan. 'Yan wasan suka koma wata tsohuwar kasuwa a unguwar Castlefield suka ci gaba da sana'arsu. Da aka sake buɗewa a Nuwambar 1998, wasan da bom ya katse shi suka fara sakawa.

Akwai kuma doka a bayan abin. Gwamnati na da rajistar gine-ginen tarihi, wannan yana mataki na biyu. Gini in ya shiga rajistar, ko kai ka saye shi da kuɗinka ba ka isa ka canza taga ko ka fasa bango ba sai da izinin hukumar gari, wanda ya yi gaban kansa kotu ce za ta raba su. Masu gidaje na ƙorafi, kuma suna da gaskiyarsu, don gyara da kayan da yana da tsada. Amma dokar hana rushewa kawai take yi, ba ta biyan kuɗin toshe yoyo. Na ga tsofaffin masaƙu a garuruwan da ke kewaye da mu, suna cikin rajistar, bishiya na tsirowa a rufinsu. Wannan ya tsira ne don akwai shaguna a ƙasa da ofisoshi a sama masu biyan haya, ga masu sayen tikiti kusan kowane dare.

Jikokinku sun matsa sai na kai su wasan yara da ake yi a ƙarshen shekara, na ce sai na ga abin da za a nuna tukuna. Na tura ɗan saƙo ta hannun Yaya, a ba Gwaggo nata, a faɗa wa Auta na ji labarin jarrabawarsa kuma ina jiran takardar da idona. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, don Allah a sa wayar Inna a caji.

A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanku,
daga Manchesta