Tauri ba shi ne riƙe titi ba: a daina murɗe shokazoba har ƙarshe

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah a bani ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu son mota, musamman waɗanda suka sa shokazoba irin wadda ake saitawa da hannu, domin akwai wani kuskure da nake gani kullum kuma yana damuna, mutum zai sayi kaya mai kyau ya ɗaura, sai ya kama ɗan maɓallin nan ya murɗe shi har ƙarshe wai shi yana so motar ta riƙe titi kamar ta tsere, alhali ƙwace mata riƙon yayi.

Nima na taɓa yin haka shi yasa nake faɗa da ƙarfi. Na ɗaure gaba da baya duka, a titin da ba gargada motar tayi daɗi sosai, ko ɗan lanƙwasa bata yi a kwana. Ranar da aka yi ruwa na shiga wata kwana mai 'yar gargada, ba gudu nake ba wallahi, kawai naji bayan motar yana tsalle yana zamewa gefe, tayar ta daina taɓa ƙasa yadda ya kamata. Allah ya kiyaye, amma hannuna sai da ya yi ta rawa a kan sitiyari har na isa gida.

Abinda da yawa basu gane ba shine ba shokazoba ke ɗauke da nauyin mota ba, sifirin ne ke ɗauka. Ita aikinta ta hana sifirin yin ta lilo. A cikinta mai ne da fistin, fistin ɗin na da ƙananan ƙofofi da mai ke bi, idan ka murɗa maɓalli ƙofar kake matsewa ko buɗewa, iyakar abinda kake yi kenan. Ka matse, mai ya wuce da ƙyar, tayi tauri. Kuma motsi biyu take yi, akwai dannuwa lokacin da taya ta hau tudu ko ka taka birki nauyi ya koma gaba, akwai dawowa lokacin da sifirin ke miƙewa. To ka fara sanin wanne naka ke saitawa, don ba duka ɗaya bane. Misali shokazobar kamfanin Koni da ake kira Koni Sport, mai launin rawaya ɗin nan, dawowa take saitawa. Kamfanin KW kuwa samfurin V2 ɗinsu dawowa kawai, samfurin V3 kowanne da maɓallinsa. Wasu kuma maɓalli ɗaya ne yake taɓa duka biyun lokaci guda. Ka duba takardar da tazo da ita, kada ka dogara da ance.

Idan dannuwa tayi tauri da yawa motar zata riƙa dukanka a ƙugu kuma tayar na tsallake ƙananan tudu maimakon ta bi su. Amma wanda yafi ɓoye haɗari shine dawowa idan tayi tauri da yawa, saboda taya ta hau tudu na farko sifirin ya dannu, kafin ya gama miƙewa an hau na biyu, sannan na uku, haka motar zata yi ta zama ƙasa-ƙasa har ta dangana da robar ƙarshe da ke tsayar da dannuwa, daga nan kuma ba sauran sassauci, kamar kana tuƙa katako. Wannan ne ya same ni a kwanar nan. Idan kuma tayi laushi fiye da kima zaka ji motar na yawo kamar kwale-kwale bayan ka wuce tudu, tayi sama tayi ƙasa sau biyu sau uku kafin ta nutsu.

Ga yadda na koma na gyara tawa. Kafin in taɓa komai sai da na auna iskar taya da geji da safe tana sanyi, bakanike ya duba bushin da alaimen, don in waɗannan sun lalace ko shekara zaka yi kana murɗawa ba zata gyaru ba. Sannan na rufe maɓallin a hankali har ya tsaya, da yatsu kawai ba da ƙarfi ba, allurar ciki da ke matse ƙofar mai bata son a matsa mata, daga nan na riƙa buɗewa ina ƙirga ƙas, ƙas, ƙas har na kai adadin da kamfanin yace a fara da shi. Hagu da dama dole su zama daidai, wannan ba wasa a ciki. Na samu hanya ɗaya da ba cunkoso, mai kwana da 'yar gargada, na fara zagayawa minti 10 zuwa 15 don man ciki ya ɗumama, tunda mai sanyi yafi kauri kuma zai yaudare ka. Duk zagaye abu ɗaya nake canzawa, ƙas 2 a gaba kawai ko a baya kawai, in tsaya in rubuta a ɗan littafi abinda naji. In ka canza abu uku tare, ko tayi daɗi ba zaka san wanne ya jawo ba.

A kwana kuma ka lura da wane ɓangare ne ke fara sakin titi. Idan ka juya sitiyari gaban na turjiya yana son tafiya miƙe, yawanci gaban yayi tauri, ka ɗan sassauta shi. Idan bayan ne ke son zagayowa, bayan zaka sassauta, kuma a ganina motar da ake hawa kullum da iyali gara gabanta ya ɗan turje da bayanta ya ƙwace, don na farkon kana sakin totur take dawowa hanya. Sai dai shokazoba tana aiki ne lokacin da nauyi ke tafiya, shiga kwana, fita kwana, taka birki. Idan mota ta zauna a tsakiyar doguwar kwana tana lanƙwasa, wannan aikin sifirin ne da sitabilaiza, wato sandar ƙarfen da ke rage lanƙwasar mota a kwana, kada ka wahalar da maɓalli. Wanda kuma ya rage tsayin motarsa to ya koma alaimen kafin ya fara gwaji.

Tawa inda ta tsaya a ƙarshe ta fi kusa da laushi nesa ba kusa ba akan inda na fara, kuma yanzu ina shiga wannan kwanar da ruwan sama naji tayoyi huɗu suna ƙasa. Malam Edita ina roƙon ku riƙa gayyato ƙwararrun bakanikai suna bayani akan irin wannan a jaridarku, masu sayen kayan nan kullum ƙaruwa suke.

Na gode, wassalam.
Naku, mai karatun jaridarku a kullum.