Kafin mu kwaikwayi shirye-shiryen kisa da barkwanci na Amurka

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne kan wani shiri na Amurka da na daɗe ina sauraro a waya, saboda na ga irinsa ya fara tsiro a wurinmu a YouTube da TikTok, kuma ina jin ba da jimawa ba gidajen rediyo irin naku za su ɗauka. Ina so mu dubi inda shirin ya kai masu shi da masoyansa tun kafin mu bi sawu.

Sunan shirin My Favorite Murder. Wasu mata biyu mazauna Los Angeles, Karen Kilgariff da Georgia Hardstark, suka fara shi a watan Janairun 2016. Babu 'yar jarida ko lauya a cikinsu. Karen marubuciyar barkwanci ce a talabijin, Georgia kuma shirye-shiryen abinci take gabatarwa. Kowace takan zo da labarin wani kisan kai da ya faru da gaske, ta ba 'yar'uwarta, suna tsoro suna raha kamar ƙawaye a ɗaki. Akwai kuma gajeren shiri da suke karanta wasiƙun masu sauraro kan kisan da aka taɓa yi a garuruwansu. Masoyan shirin, waɗanda akasarinsu mata ne, suna kiran kansu Murderinos, kuma sun cika manyan zauruka a Amurka da Ingila da Ostireliya don ganin matan nan ido da ido.

Bari in fara da alherin, domin akwai shi, kuma ni shaida ce. Babban abin da suka nanata wa mata shi ne kada kunya ta sa ki tsaya inda zuciyarki ba ta kwanta ba. Sun sha kawo labarin Ted Bundy, makashin mata, wanda a shekarun 1970 yakan rataye hannu kamar mai karaya ko ya dogara sanda, ya roƙi budurwa ta taimaka masa da kaya zuwa mota. Tausayi da gudun a ce ba su da kirki ne ya kai 'yan mata da yawa hannunsa, har aka zartar masa da hukuncin kisa a Florida a 1989. Mu da aka rene mu da kawaici, aka koya mana cewa babba ba ya kira ki ƙi amsawa, wannan magana ta shige mu sosai. Yau idan na shiga adaidaita sahu na ga yanayin mutanen ciki bai yi mini ba, sauka nake yi, ko da direba zai bi ni da harara.

Haka kuma sun ba waɗanda suka tsira muhimmanci. Har yanzu ina tuna labarin yarinyar nan 'yar shekara 15 da wani mutum ya rage wa hanya a California a 1978, ya yi mata fyaɗe, ya sare hannayenta biyu, ya jefa ta a kwazazzabo. Ta hauro da kanta, ta rayu, ta tsaya a kotu ta nuna shi. Shekara takwas kawai ya yi a kurkuku, kuma a 1997 ya kashe wata mata a Florida. Sun ba da wannan labari ne da fushi a kan dokar da ta sake shi, babu wasa a ciki. Ga shi kuma ba su ɓoye nasu ciwon ba. Karen ta yi maganar yadda ta daina shan giya, Georgia ta yi maganar fargabar da ke damunta da zuwanta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Mata da dama sun rubuto cewa daga nan suka samu ƙarfin neman magani. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan shirin ya fi amfani.

To amma, ranka ya daɗe, da tafiya ta yi nisa sai abin ya zama kasuwa. A 2018 suka kafa kamfaninsu mai suna Exactly Right. Mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa sun samu dala miliyan 15 a 2019 kaɗai, sannan a 2022 suka ƙulla yarjejeniya da Amazon. Ana sayar da riguna da kofuna masu ɗauke da take-taken shirin. Ana tsakiyar bayanin yadda aka tsinci gawar 'yar wani sai talla ta shigo. Sun bayar da gudummawa ga ƙungiyoyin taimakon mata, ban musa ba. Sai dai duk wannan dukiya a kan mutuwar wasu aka tara ta, kuma ba al'adar irin waɗannan shirye-shirye ba ce a nemi iznin iyayen mamaci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya fito ne daga wani shirin daban, Serial, wanda a 2014 ya bibiyi kisan ɗaliba Hae Min Lee da aka yi a Baltimore a 1999. Wannan ma babu barkwanci a cikinsa. Duk da haka, a 2022 ɗan'uwanta ya shaida wa kotu cewa a wurinsa wannan ba shirin sauraro ba ne, rayuwarsa ce, kuma sama da shekara ashirin ke nan suna cikin uƙubarta. Idan haka iyali ke ji da shirin da aka yi cikin natsuwa, yaya uwar da za ta ji dubban mutane sun kwashe da dariya a zauren da ake ba da labarin 'yarta?

Su ma masoyan My Favorite Murder ba duka suka tsaya inda ya kamata ba. A 2018 aka rufe babban zaurensu na Facebook bayan rigima ta ɓarke kan wariyar launin fata. Ƙorafin da ake yi wa wannan fanni gaba ɗaya shi ne ya fi damuwa da farar mace idan ta ɓace, baƙar fata da 'yan ƙabilun asalin Amurka kuwa ba kasafai ake jin nasu ba. Sannan sha'awar ta haifar da 'yan binciken waya. A farkon 2023, da wata mata ta ɓace a wani ƙauyen Lancashire a Ingila, mutane suka yi ta tururuwa da kyamarori suna leƙa gidajen jama'a, suna zargin na kusa da ita a intanet. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa faɗawa kogi ta yi ta nutse. Ban ɗora wa matan nan biyu wannan laifi ba, amma ƙishin da ya kai mutane ƙauyen, irin shirinsu ne ya shayar da shi.

Akwai kuma gyara a darasin kansa. Shirin ya fi tsoratar da mace da baƙon da ke laɓe a daji. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa cikin mata da 'yan mata kusan 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, kimanin 51,100 miji ko saurayi ko ɗan'uwa ne ya kashe su, kuma Afirka ce ke kan gaba da kusan 21,700. Mu a Kano ba mu manta da yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe ba, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2022. Amanar da aka ba shi ya ci. Mun kuma ga yadda aka yi ta yaɗa hotunanta da na mahaifiyarta tana kuka don neman mabiya.

Roƙona gare ku shi ne, idan za ku yi irin wannan shiri da Hausa, ku fara zuwa gidan mamaci ku yi ta'aziyya, ku nemi izninsu, in sun ƙi ku bari. Kada a ambaci sunan wanda ake zargi a matsayin mai laifi kafin alƙali ya yi hukunci, kada a nuna gawa, kada a saka talla a tsakiyar bayanin kisa. Ku gayyato lauya ko likita ya faɗa wa matar da ake duka a gida inda za ta kai ƙara. Raha kuwa a bar ta ga wasu shirye-shiryen, domin a garuruwanmu da wuya a ba da labarin kisa ba tare da wani ɗan'uwan mamacin yana kusa da rediyo ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taku mai sauraro,
daga Kano