Sanarwa: zaman ɗora Linux a tsofaffin kwamfutoci

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, za mu haɗu a inda muka saba domin ɗora Linux Mint, manhajar da za ta maye gurbin Windows, a kan tsofaffin kwamfutocin tebur. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma yawancin waɗannan injina Windows 11 ba ta karɓarsu. Nau'in Mint da ake kira Xfce za mu sa, shi ya fi sauƙin nauyi.

Kafin ku zo, kowa ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri, domin za a goge hadis ɗin (hard disk, ma'ajiyar fayilolin injin) gaba ɗaya. A duba RAM: 2GB zai tashi, amma sai da 4GB ake jin daɗin aiki. Mai injin 32-bit ya faɗa mana tun yanzu, Mint ba ya hawa kansa, wani Linux ɗin mai suna antiX za mu tanadar masa.

A zo da filashi mai 8GB wanda babu komai a ciki, da batirin CR2032 guda ɗaya, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogon injin. Idan batirin ya mutu, agogon injin yakan koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Wajen kunna injin, a Dell F12 ake dannawa a zaɓi filashi, a HP kuma F9. In ba a ga hadis ba wajen ɗorawa, a shiga BIOS (saitin injin da ake shiga wajen kunnawa) a mayar da saitin hadis mai suna SATA daga RAID zuwa AHCI. Masu tsohon katin hoto (graphics card) na NVIDIA Quadro, allo kan yi baƙi a tashin farko, kada kowa ya firgita, akwai hanyar wucewa.

Mai zuwa ya rubuta sunan injinsa a nan kafin daren Alhamis, kuma a taho da gudummawar man janareta.

Allah Ya kai mu lafiya. Mun gode.